Wankin Fuska

Dafalla dillali bai ko shiga zaure ba.
Daga bakin titi ya karkata rawani, ya ce:
"Mai saye ba ya kwana a gida kafin ya biya,
fuska yake gani.
Ku wanke wa gidan nan fuska."

To, muka wanke.

Amalanke biyu na laka daga gaɓar Nilu,
aka kwaɓa da ƙaiƙayi da kashin shanu,
aka bar ta kwana uku tana tsima,
har masu shan shayin Hajja Batulu
suka ja kujerunsu can gaba.
Usta Hamad ya hau tsani
yana toshe tsagar da damina bakwai ta buɗa,
tsagar da muke leƙen motar Sinnar ta cikinta
mu ga ko Baba ya sauka da lemo a leda.

Ƙofa ni na ce a bar mini.
Na kankare kore, sai ga shuɗi a ƙasa.
Koren na dawowar Baba daga Makka ne,
shuɗin na bikin Zulai,
can ƙarƙashi wani ja-ja mai kamar tsatsa
wanda duk Maiwurno ba mai tuna shekararsa.
Ashe ƙofa ma littafi ce,
ni kuwa ina yage ta shafi-shafi da wuƙa.

Dakalin ƙofar gida ya lotsa a tsakiya,
daidai faɗin zaman mutum ɗaya.
Usta ya ce, "Rabin buhun siminti ya isa."
Ya isa kuwa.
Shekara arba'in na hantsi da la'asar,
ya shafe su kafin a kira azahar.

Muka sassabe darbejiya don bango ya fito,
inuwa ta tattara kayanta ta koma gidan maƙwabta.
Sabon indararo.
Ƙwan lantarki a goshin zaure.
Farar ƙasa hannu biyu, mai kashe ido da rana.

Sau nawa Inna ta ce a shafa wa bangon nan fari?
Mu ce bayan girbin dawa.
Mu ce bari Shu'aibu ya aiko daga Jidda.
Ta tafi ta bar shi da zanen ruwa kamar sawun hawaye,
yau ga shi fes, don baƙon da bai san sunanta ba.
Wanka mafi tsafta, na ranar tafiya ne.

Da magariba Malam Gambo ya taho da sandarsa,
shi da idonsa ya daɗe da yin sallama,
yana lalube bango kamar kullum
yana neman tsagar da ke ce masa ya iso.
Tafinsa ya zame a kan sumul.
Ya wuce mu.
Ina tsaye da bokiti, na kasa kiransa.

Ran Talata mai saye ya zo a farar mota.
Bai dubi ƙofa ba, bai dubi fitila ba.
Ya auna gaba da taku, ya auna gefe da taku,
ya ce wa Dafalla, "Shago huɗu za su fita,
in an ture wannan."
Ya dafa bangon da yake nufi,
ya duba tafinsa, ya kakkaɓe.

Na sa hannu a takarda.
Kason Zulai, kason Shu'aibu, nawa, ladan dillali.
Usta Hamad har yau yana bina kuɗin rabin buhu.

Amma bayan ƙyaure, wajen maƙalin sakata,
akwai faɗin tafin yaro da ban taɓa ba,
kore kan shuɗi kan ja.
Ban gaya wa kowa ba.
Fentin da ke ƙarƙashin farcena kuwa
sati biyu ke nan ina alwala,
ya ƙi fita.